Kafin Ka Miƙa Wa Ejan Kuɗin Tikitin Jirgi

  

A makon nan za mu ɗan fita daga aji mu leƙa filin jirgi. Da yawa daga cikinku sun samu gurbin karatu a Masar ko Indiya ko Malesiya ko Ingila, wasu kuma iyayensu na shirin Umara, kuma a mafi yawan gidajenmu duk abin da ya shafi waya da intanet yaro ɗan makaranta ake miƙa wa. Kai za a ce ka duba takarda, kai za a ce ka tura kuɗi. Saboda haka ko ba ka taɓa taka matakalar jirgi ba, maganar nan ta shafe ka.

Abin da ya faru da wani ɗalibi

Wani ɗalibi da muka sani, wanda za mu sakaya sunansa, ya samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a wata jami'a a Alƙahira. Mahaifinsa manomi ne. Bayan an gama da kuɗin makaranta da fasfo da biza, sai da aka kai shanun huɗa kasuwa kafin kuɗin jirgi ya haɗu. Wani abokin kawunsa ya haɗa su da wani ejan da aka ce yana da hanya, farashinsa kuma ya gaza na sauran da kusan N120,000. Ejan ya turo lambar asusu mai ɗauke da sunansa na kansa, aka tura masa kuɗi. Da yamma ya turo takarda ta WhatsApp. Ga tambarin kamfanin jirgi a sama, ga sunan yaron, ga rana da lokacin tashi, ga lambar jirgi. Duk wanda aka nuna wa a gida sai ya ce masha Allah.

Ranar tafiya mota biyu ce ta rako shi filin jirgin Malam Aminu Kano. Da layi ya zo kansa ya miƙa fasfo, ma'aikaciyar kanta ta daɗe tana danna kwamfuta, sannan ta ɗago.

"Ƙanena, sunanka ba ya cikin fasinjojin yau."

"Hajiya, don Allah ki sake dubawa. Ga takardata nan."

"Na gan ta. An kama maka kujera kwana tara da suka wuce, amma ba a biya ba, sai na'ura ta soke. Wannan ba tikiti ba ne."

Mahaifin ya karɓi waya ya kira ejan.

"Alhaji, ga mu a filin jirgi, an ce yaro ba shi da tikiti."

"Subhanallahi! Baba ka yi haƙuri, matsalar na'ura ce. Ba ni minti goma."

Minti goman nan har yau ba su cika ba. Jirgi ya tashi suna tsaye a bakin ƙofa da akwatuna, wayar ejan kuma ta koma a kashe.

Ba mu kawo labarin nan don a ce duk ejan macuci ne ba. Akwai masu sana'ar da suka yi shekaru suna yin ta da amana, kuma sau da yawa sun fi mu sanin hanya mai sauƙi da ka'idojin kaya da na yada zango. Wake ɗaya ne ke ɓata gari. Abin da muke so mu fahimta shi ne wurin da kuɗin mutum ke shiga haɗari, wato tsakanin lokacin da ya bar hannunka da lokacin da tikiti na gaskiya ya fito da sunanka. Duk dabarar kare kai ita ce a taƙaita wannan tsakani, kuma a bar shaida a kowane mataki.

Kama kujera daban, tikiti daban

Idan ejan ya shiga na'urarsa, abu na farko da yake yi shi ne ya kama maka kujera, abin da su ke kira bukin. Wannan mataki ba ya bukatar ko kwabo. Na'ura za ta fitar da wata lamba mai gurbi 6, haruffa ne ko haruffa gauraye da alƙaluma, ana kiran ta PNR. Kamfanin jirgi yana riƙe kujerar na ɗan wa'adi, wani lokaci awoyi, wani lokaci 'yan kwanaki. Wa'adi na cika ba a biya ba, sai ta warware da kanta. Takardar da ake bugowa a wannan mataki kyakkyawa ce, tana da tambari da rana da komai, shi ya sa ta ruɗi ɗalibin nan da iyayensa.

Tikiti kuwa sai an biya yake fitowa, kuma alamarsa lamba ce mai alƙaluma 13. Ukun farko suna nuna kamfanin da ya fitar da shi. Na Ethiopian Airlines yana farawa da 071, na EgyptAir da 077, na Saudia da 065, na Qatar Airways da 157, na Turkish Airlines da 235, na Emirates da 176, na British Airways kuma da 125. Tun watan Yunin 2008 Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, IATA, ta daina amfani da tikitin takarda a tsarinta, irin mai shafuka da iyayenmu suka sani. Yanzu tikiti bayani ne da ke zaune a cikin kwamfutar kamfanin jirgi. Takardar da ke hannunka labarinsa kawai take bayarwa, kuma duk wanda ya iya kwamfuta zai iya ƙirƙirar irinta cikin minti biyar. Don haka ko ka ga alƙaluma 13 a jikin takarda, magana ba ta ƙare ba sai kamfanin jirgin da kansa ya ce ya san da su.

Ina kuɗinka ke bi?

Mutane da yawa sun ɗauka da zarar sun biya ejan, kuɗin ya isa kamfanin jirgi ke nan. Ba haka tsarin yake ba. Ejan da IATA ta amince da shi yana fitar da tikiti, sannan a tattara cinikin da ya yi na wani lokaci ya biya ta wani tsari da ake kira BSP, shi kuma tsarin ya raba wa kowane kamfani haƙƙinsa. Ƙananan ejan-ejan da yawa ba su da wannan izini, sai su saya a hannun manya. Wannan ba laifi ba ne, amma ka sani kuɗinka zai iya ratsa hannu biyu ko uku kafin ya zama tikiti, kuma kowane hannu wuri ne da zai iya maƙalewa.

Ba kullum ne mugun nufi ke jawo asara ba. Wani ejan ɗin bai tashi da niyyar cuta ba, bashi ne ya yi masa yawa, sai ya ɗauki kuɗinka ya toshe ramin wani, yana jiran na wani ya toshe naka. Wani kuma ya riƙe kuɗin yana jiran Dala ta sauko ya ci riba, sai ta haura. Ranar da abin ya kwance, wanda ya zo ƙarshe shi ke kwana a ciki. A wurin ɗalibin da jirgi ya tashi ya bari, duk ɗaya ne.

Akwai kuma abin da ya kamata a gane game da tambarin IATA da ake gani a jikin allon ofis. Yana nuna an tantance kamfanin, kuma alama ce mai kyau. Sai dai jinginar banki da ake sa ejan ya ajiye, an yi ta ne don kare kuɗin kamfanonin jirgi idan ejan ya kasa biya. Fasinjan da ya ba da kuɗi ba a fitar masa da tikiti ba, ba shi da rabo a cikinta.

Yadda Birtaniya ta yi wa nata 'yan ƙasa lema

Don mu ga yadda kariya take idan an tsara ta, bari mu leƙa Birtaniya. A ranar 23 ga Satumban 2019 kamfanin Thomas Cook ya durƙushe. Kamfani ne da ya samo asali tun 1841, wato ya shekara 178 yana shirya wa mutane tafiya. Ranar da ya rufe, kimanin 'yan Birtaniya 150,000 suna ƙasashen waje ta hannunsa. Darasi na farko ke nan: girman suna da daɗewa ba sa hana kamfani karyewa.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar ta yi hayar jirage ta kwaso mutane cikin kimanin mako biyu. Waɗanda suka biya kuɗin tafiya ba su kai ga tashi ba kuma, da yawansu an mayar musu da kuɗinsu ta wani tsari mai suna ATOL, wanda aka kafa tun 1973. Yadda yake shi ne, duk kamfanin da ke sayar da tafiya a dunƙule, wato jirgi haɗe da masauki, dole ya mallaki lasisi, kuma yana zuba Fam 2.50 a wani asusu kan kowane fasinja. Da ka biya za a ba ka takardar shaidar ATOL. Idan kamfani ya karye, daga wannan asusu ake biyan ka. Kamar adashi ne da ake tarawa don ranar da ruwa ya ci wani.

Amma ko a can lemar ba ta rufe kowa ba. Waɗanda suka sayi tikitin jirgi zalla kai tsaye daga kamfanin jirgin, ATOL ba ta biya su ba, sai da suka koma ga bankunan da suka ba su kati ko kamfanonin inshora. Saboda haka ɗalibanmu da ke karatu a Ingila, idan za ku sayi tikitin zuwa gida hutu a hannun ejan na can, ku tambaya ƙarara ko cinikin yana ƙarƙashin ATOL, in an ce e, ku karɓi takardar shaidar nan take. Mu da ke gida kuma mu sani cewa wannan tsari na Birtaniya ne, bai shafi tikitin da aka saya a Kano ko Kaduna ba, ko da kuwa Landan za a je. A nan babbar lemarka ita ce binciken da ka yi da shaidar da ka ajiye.

Kafin ka biya

Fara da sanin wanda kake hulɗa da shi. Je ofishinsa da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Ejan da ba shi da adireshi sai shafin Facebook ko Instagram da lambar waya, ranar da ya kashe wayar ba ka da ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Tambayi cikakken sunan kamfanin da lambar rajistarsa, ka duba a shafin intanet na Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, dubawar kyauta ce. Tambaye shi ko yana da rajista da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, da kuma ko mamba ne a ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta ƙasa, NANTA. Idan Umara ce ko Hajjin jirgin yawo, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ita ke ba kamfanoni lasisi, kuma lasisin sabuntawa ake yi, don haka na bana za ka nemi gani. Tambaye shi kuma ko shi ke fitar da tikiti da kansa, ko sai ya bi ta hannun wani. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Sannan ka san farashi kafin ka je. Buɗe shafin kamfanin jirgin a wayarka, sa ranar da kake so, ka ga nawa suke sayarwa. Tambayi ejan biyu ko uku. Ɗan bambanci ba abin mamaki ba ne, amma idan wani ya faɗo ƙasa warwas, ka tsaya ka yi tunani, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wasu daga cikin irin waɗannan tikitoci da katin bankin sata ake sayen su. Suna fitowa da lambarsu daidai, amma da zarar mai katin ya kai ƙara kamfanin jirgi zai soke, wani lokaci kuma fasinja ne zai sha tambayoyi a filin jirgi.

Ka kuma yi hattara da mai azalzala, wanda zai ce kujera ɗaya ta rage, in ba ka turo yanzu ba ta tafi. Gaskiya ne farashin jirgi yana canzawa, amma awa ɗaya da za ka yi kana bincike ba ta kai asarar shanun huɗa ba.

Yadda za ka biya

Kada ka tura kuɗi a asusun da ke ɗauke da sunan mutum. Asusun kamfani za ka nema, sunan da ya fito kuma ya zo daidai da wanda ka gani a CAC. A wurin rubuta dalilin tura kuɗi, sa sunan matafiyi da inda za shi da ranar tafiya. Kada ka bi ta wurin mai POS na bakin titi, domin kuɗin zai fita da sunan wani, ranar da magana ta tashi kuma zai yi wuya ka nuna cewa naka ne. Idan kamfanin yana karɓar kati, biya da kati yana da wata fa'ida: tsarin Visa da Mastercard ya ba mai kati damar neman bankinsa ya janyo kuɗi idan bai samu abin da ya biya ba. Damar tana da wa'adi da sharuɗɗa, amma ta fi babu. Kuɗin da ka tura da hannunka daga asusu zuwa asusu ba shi da irin wannan hanyar dawowa.

Mafi kyau shi ne ka biya kana zaune a ofis, a fitar da tikiti a gabanka. Aikin 'yan mintoci ne. Idan an ce a ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa aka bayar, nawa ya rage, da ranar da tikiti zai fito, da abin da za a yi idan bai fito ba. Karɓi rasit mai kan sarkin kamfani da sa hannu, wanda ya raba kuɗin tikiti da ladan ejan.

Mun san inda gizo ke saƙa a nan. Sau da yawa ejan ɗin abokin Baba ne, ko surukin maƙwabci, ko dattijon da ake sallah sahu ɗaya da shi, sai yaro ya ji nauyin cewa a ba shi rasit. Wannan kunya ta jawo asara a gidaje da yawa, kuma daga ƙarshe zumuncin da ake gudun ɓatawa shi ke fara lalacewa. Mu tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu yana kare mai biya, yana kuma kare mai karɓa daga zargi. Ana iya faɗa cikin ladabi: "Alhaji, Baba ya ce a taimaka mana da rasit da lambar tikitin, saboda mu ajiye." Ba wanda zai ga rashin kunya a wannan.

Bayan ka biya

Da tikiti ya zo hannunka, kada ka tsaya ga abin da ke rubuce. Shiga shafin intanet ko manhajar kamfanin jirgin, nemi sashen da fasinja ke duba tafiyarsa, sa lambar nan mai gurbi 6 da sunanka na ƙarshe kamar yadda yake a fasfo. Duba ko lamba mai alƙaluma 13 ta bayyana a can. In ba ka gamsu ba, kira kamfanin ko ka je ofishinsu ka ce su tabbatar maka an fitar da tikitin kuma an biya. Lambar wayarsu daga shafinsu za ka ɗauko ta, kada ka yi amfani da wadda ejan ya ba ka.

Duba sunanka harafi bayan harafi. Mu da muke da Muhammad da Mohammed da Muhammadu, da Aisha da A'ishatu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sunan da ke tikiti dole ya zo daidai da na fasfo, gyara daga baya kuma yakan ci kuɗi, wani lokaci ma sai an sayi sabo.

Dubawa sau ɗaya ba ta isa ba. Ejan yana da ikon soke tikiti a ranar da ya fitar da shi ba tare da asarar komai ba, kuma yana iya neman a mayar da kuɗinsa daga baya, kuɗin su koma hannunsa. Macuta sun san da wannan: su fitar, ka gani ka gamsu, kana fita su soke. Don haka ka sake dubawa bayan kwana biyu, ka sake ana saura mako guda, ka kuma sake ana gobe tafiya. Ka tabbatar lambar wayarka da imel ɗinka ne a cikin bayanan tafiyar, domin idan an canza lokaci ko an soke jirgi saƙo ya zo maka kai tsaye.

Idan jirgin ne bai tashi ba

Wani lokaci ejan ya yi aikinsa daidai, matsalar daga sama take zuwa. A ƙarshen Oktoban 2022 kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗaɗensa da suka maƙale sakamakon ƙarancin Dala, bai dawo ba sai 1 ga Oktoban 2024. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, filin jirgin Khartum ya rufe, ɗalibanmu da ke can sai a motoci aka fitar da su zuwa iyakar Masar da Port Sudan. Duk mai riƙe da tikiti a irin wannan hali, tambayarsa ɗaya ce: ta ina kuɗina zai dawo?

A bisa al'ada, ta inda kuɗi ya shiga ta nan yake fita. Tikitin da aka saya a hannun ejan, kamfanin jirgi ejan yake mayar wa, shi kuma ya ba ka. Ka ga ashe hulɗarka da shi ba ta ƙare ranar da tikiti ya fito ba. Saboda haka tun kafin ka biya ka tambaya: in an soke jirgi, cikin kwana nawa za ka ba ni kuɗina, nawa kuma za ka cire? In ni na fasa, ko biza ba ta fito ba, nawa zan samu? In zan canza rana, nawa ne tara? Tikiti mafi araha yawanci shi ne mai tsauraran sharuɗɗa, wani ba a mayar da kuɗinsa sam idan kai ka fasa. Ɗalibin da bizarsa ba ta fito ba tukuna, ko makaranta ba ta tsayar da ranar komawa ba, gara ya ƙara kuɗi ya sayi wanda ake iya canzawa. A sa amsoshin a rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne, kuma kada a goge.

Idan abin ya riga ya faru

Kada kunya ta sa ka yi shiru, kada kuma ka biye wa gobe da jibi. Tattara duk shaidarka: rasit, shaidar tura kuɗi, takardar da aka turo maka, da hotunan hirarku. Sanar da bankinka a ranar, domin da wuri ake iya tare kuɗi kafin a kwashe. Rubuta wa kamfanin takarda ka ba su wa'adi, ka riƙe kwafi. In ba su motsa ba, NCAA tana da sashen kare haƙƙin fasinjoji, kuma jami'ansa suna zama a manyan filayen jirgi. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Idan mamban NANTA ne, kai ƙararsa can ma, in kuma harkar Umara ce, NAHCON. Inda damfara ta fito fili, magana ta zama ta 'yan sanda ko EFCC. Duk inda ka je, abu na farko da za a tambaye ka shi ne shaida. Mai rasit da sunan kamfani yana da abin riƙewa, wanda ya ba da kuɗi hannu da hannu a bakin masallaci kuwa sai dai a ba shi haƙuri.

Shi ɗalibin namu, dangi ne suka yi karo-karo aka sake saya masa wani tikitin, a farashin da ya fi na farko tsada domin lokaci ya ƙure. Ya isa makaranta an yi mako uku da fara karatu. Maganar kuɗin farko tana nan ana ta kai gwauro ana kai mari, daminar bana kuma mahaifinsa hayar shanu ya yi. Da muka tambaye shi abin da zai gaya wa 'yan uwansa ɗalibai, cewa ya yi kwana tara takardar nan tana cikin wayarsa, yana nuna wa abokai, bai taɓa tunanin ya sa lambar a shafin kamfanin jirgin ba, alhali aikin minti biyu ne.

Ga aikin gida na wannan mako. Duk wanda a gidansu ko unguwarsu akwai mai shirin tafiya, karatu ne ko Umara ko neman lafiya, ya karɓi takardar ya nemi alƙaluman nan 13, sannan ya duba a shafin kamfanin jirgin a gaban mai tafiyar. In komai daidai ne, alhamdu lillahi, hankali ya ƙara kwanciya. In kuma akwai gyara, gara a gano shi a tsakar gida da a gano shi a bakin kanta da akwati a hannu. Ku rubuto mana abin da kuka gani, da duk tambayar da kuke da ita, za mu amsa a fitowa ta gaba.

Allah Ya tsare mana dukiyar iyayenmu, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.